Mu Leƙa Kasuwa: Famfo Ɗaya, 'Yan Haya Bakwai

  A wannan wata mun yi niyyar taɓo batun hayar shaguna, to amma sai wani abu ya faru a gaban idonmu a nan New Bell wanda ya sa muka ga gara mu jingine wancan tukuna, mu yi magana a kan wani ɗan ƙarfe da bai cika tafin hannu ba, amma ya kusa shiga tsakanin gidaje biyu da suka daɗe suna cin tuwo a kwano ɗaya.

Ga yadda abin ya kasance. Makarantar dare ta unguwarmu ta shirya bikin ba yara kyaututtuka, malamai suka ce bana suna so a haska wa iyaye hotunan ɗalibai a jikin bango. Aka aro majigi, tsoho ne amma lafiyarsa ƙalau, aka ɗora wa wani ɗanmu da ke karatu a jami'a nauyin haɗa shi da kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, wadda yara ke kira laftof. Da ya duba sai ya tarar igiyar majigin irin ta da ce, mai shuɗin kai da noti biyu na murɗawa, wadda ake kira VGA, ita kuwa laftof ɗin ba ta da kafar da za a soka irin wannan igiya. Sai ya hau bensikin ya nufi Akwa, shagon wani ɗan unguwarmu mai sayar da kayan kwamfuta. Aka miƙo masa wani adafta mai baki bakwai, wanda 'yan kasuwa ke kira hob, akwai wurin VGA a jiki, akwai na filash, akwai na caja. Ya biya kuɗin da za su yi cefanen gida na kwanaki, ya dawo da murnarsa.

Ranar biki, iyaye sun cika wuri, an kashe fitila, aka jona komai. Linzamin kwamfuta ya yi aiki ta jikin hob ɗin, filash ma ya buɗe, amma bango fayau, babu ko inuwar hoto. Aka cire aka mayar, aka kashe aka kunna, aka hura baki a kafa kamar yadda muka saba, shiru kake ji. Haka aka tashi taro yara na guna-guni. Da gari ya waye yaron nan ya same mu ransa a ɓace, ya ce, "Kawu, wallahi jabu ya sayar mini, kuma ya san ni ya san Baba." Muka ce to mu je tare. Mai shago bai yi musu ba, sai ya ɗauki hob ɗin ya soka a tasa laftof, ya jona da wani allo da ke kan kanta, nan take hoto ya fito tar. Ya dube mu ya ce, "Malam, ka gani da idonka. Kayana lafiya suke, kwamfutarsa ce ba ta da lafiya." Yaro ya ce kwamfutarsa ba ta taɓa ko tari ba. Kafin a ce kwabo magana ta kai ga iyaye, har aka fara tono tsofaffin basussuka.

To, jama'a, abin da ya sa muka kawo wannan labari shi ne, babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Hob ɗin lafiyarsa lau, kwamfutar ma lafiyarta lau. Abin da ya haɗa su faɗa rashin sanin abu ɗaya ne, wanda muke so kowane mai karatu ya riƙe ko da ya manta sauran: shi wannan ƙarfe ba ya ƙara wa kwamfuta abin da ba ta da shi, iyakacinsa ya raba abin da ta ba shi.

Kafin mu warware wannan, bari mu ɗan koma baya mu ga yadda aka yi muka wayi gari muna bukatarsa. Waɗanda suka yi aiki da kwamfuta a shekarun 1990 za su tuna bayanta kamar rumfar mai kayan koli yake, firinta da tata kafar, linzami da tasa, allon rubutu da tasa, allon kallo da tasa, kuma babu wadda ke shiga wurin wata. A watan Janairun 1996 wasu manyan kamfanoni bakwai, cikinsu har da Intel da Microsoft da IBM da Compaq, suka fito da kafa ɗaya ta kowa da kowa, wadda ake kira USB. Ita ce mai kusurwa huɗu ɗin nan da muke soka filash, wadda sau da yawa sai mutum ya juya ta sau biyu kafin ta shiga. A shekarar 2000 aka ƙara mata gudu, aka kira ta USB 2.0, a 2008 aka sake ƙarawa, ta zama USB 3.0. Sa'an nan a 2014 aka fito da sabon baki, ɗan ƙarami mai siffar ƙwayar shinkafa, wanda ake sokawa ta kowace fuska, shi ne USB-C, wanda yanzu yake jikin yawancin wayoyin hannunmu.

Da masu ƙera kwamfuta suka samu wannan ɗan baki, sai suka shiga gasar wa zai fi sirantar da kayansa. A 2015 kamfanin Apple ya fito da wata MacBook wadda, in ka cire wurin abin sauraro na kunne, kafa ɗaya tak gare ta, nan za ka yi caji, nan za ka soka filash, nan za ka jona allo. Wasu kamfanoni suka bi sahu, kowa na rage kafofi. Jama'a suka yi ta ƙorafi, har ma a 2021 shi Apple ɗin ya mayar da kafar HDMI da ta katin kyamara a jikin manyan MacBook Pro. Amma dai alƙalami ya riga ya bushe, domin Tarayyar Turai ta yi doka cewa daga 28 ga Disamba 2024 duk sabuwar wayar hannu da za a sayar a ƙasashenta sai ta zama mai caji ta USB-C, ta kuma sanya 28 ga Afrilu 2026 ga kwamfutocin tafi-da-gidanka.

Mai karatu zai ce, ina ruwan New Bell da dokar Turai? Da ruwanmu ƙwarai kuwa. Yawancin laftof ɗin da ke hannunmu na hannu ne, waɗanda ofisoshin Turai suka gama amfani da su aka loda a kwantena suka sauka a tashar jiragen ruwan nan ta Duwala. Abin da suka saya yau, shi za mu saya bayan 'yan shekaru. A ɗaya ɓangaren kuma, firintocinmu da majiganmu da allunanmu ba ma yar da su sai sun mutu murus, ga shi ita kafar VGA tun 1987 kamfanin IBM ya fito da ita, kuma har gobe tana aiki a makarantu da shagunan buga takardu. Watau mu ne muke zaune a tsakiya, sabuwar kwamfuta a hannun dama, tsohon kaya a hannun hagu, saboda haka mun fi Bature bukatar adafta, kuma mun fi shi asara in muka saya ba daidai ba, tunda a nan ba kullum ake karɓar kaya a mayar da kuɗi ba.

Yanzu sai mu zo ga ainihin maganar. Duk wanda ya taɓa sayo dutsen guga daga Kano ko Legas ya san cewa kansa mai ƙafa uku ne masu faɗi irin na Ingila, soket ɗinmu na Kamaru kuwa mai rami zagayayye ne irin na Faransa, sai an sa adafta. Wannan yana yi lami lafiya, domin ƙarfin wutar ƙasashen biyu kusan ɗaya ne. Amma wanda aka aiko masa da injin aski daga Amurka, inda wutarsu ta gida bolt 120 ce, ya sa masa irin wannan adafta ya soka a tamu mai bolt 220, to in injin ba mai ɗaukar wuta biyu ba ne sai dai ya ji ƙauri. Adafta ya canza siffar baki, bai canza wuta ba. Haka abin yake ga USB-C. Suna ne na siffar baki kawai. A cikinsa akwai 'yan ƙananan haƙora guda 24, kuma abu uku ne za su iya bi ta ciki: bayanai, da wuta, da hoto. To amma ba a tilasta wa mai ƙera kwamfuta ya haɗa duka ukun ba. Wata kafar tana ɗauke da ukun, wata biyu, wata kuwa bayanai kawai, kuma in ka dube su da ido duk kamarsu ɗaya. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Kafar laftof ɗin ɗanmu ta bayanai ce kawai, shi ya sa filash ya buɗe amma hoto ya ƙi fita. Ta mai shago kuwa mai ɗauke da hoto ce.

Mu mutanen New Bell ba sai an yi mana dogon bayani a kan rabo ba. Tun da Jamusawa suka yanka wannan unguwa wajejen 1914 take karɓar baƙi, kuma kowa ya san gidan haya mai ɗaki bakwai da famfo ɗaya a tsakar gida. In maigida ya kira mai gyara ya ja wa kowane ɗaki nasa bakin famfo, an samu sauƙin layi, amma ruwan da ke shigowa daga titi bai ƙaru da ko kofi ɗaya ba. In duka suka buɗe a lokaci guda, kowa sai ya ga tsiyaya. In kuwa babu ruwa a babban bututu, ko baki ɗari aka ja babu mai samun ɗigo. Shi hob haka yake. Bari mu ɗauki abubuwan nan uku ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, hoto. Kafin ka sayi hob don allo ko majigi ko talabijin, sai ka tabbatar kafar USB-C ta kwamfutarka tana fitar da hoto. Duba gefen kafar da kyau. In ka ga alamar walƙiya mai kan kibiya, wannan ita ake kira Thunderbolt, tana ɗaukar hoto. In ka ga alama mai kama da harafin D da P a cikinsa, ita ma tana ɗauka. In ba ka ga komai ba, kada ka yanke hukunci, domin wasu kamfanoni ba sa sa alama, sai ka juya kwamfutar ka karanta lambar samfurinta a ƙasa, ka sa a duba maka bayaninta a intanet, ko kuma ka gwada, wanda shi ya fi. Haka nan ga wayar hannu: wasu manyan wayoyi suna fitar da hoto ta wannan kafa, amma akasarin masu sauƙin kuɗi ba sa yi, ko da bakin iri ɗaya ne. A kuma sani cewa HDMI tana ɗaukar hoto da sauti tare, VGA kuwa hoto kawai, saboda haka mai amfani da ita sai ya tanadi lasifika daban. Masu son jona allo biyu su ma su yi hattara. Hob da yawa masu HDMI da VGA hoto ɗaya suke nunawa a duka biyun, sa'an nan akwai kwamfutocin da ba sa ɗaukar allon waje fiye da ɗaya, alal misali MacBook Air mai M1 ta 2020, ko baki nawa ke jikin hob ɗin, sai dai da wata dabara ta daban.

Na biyu, bayanai. USB 2.0 tana gudun megabit 480 a sakan guda, USB 3.0 kuwa gigabit 5, watau ta ninka ta wajen sau goma. To amma wannan gudu na babban bututu ne, duk bakunan da ke jikin hob rabawa suke yi. In kana kwafe fim daga filash biyu a lokaci guda, ga kuma igiyar intanet a jiki, kada ka yi mamaki in abin ya koma tafiyar hawainiya. Bugu da ƙari, hob da yawa baki ɗaya ne kawai mai gudu a jikinsu, sauran na 2.0 ne. Galibi akan gane mai gudu da shuɗin harshe a ciki, amma fenti ba wuya gare shi ba, saboda haka gwaji ya fi: ka kwafi babban fayil ka ga tsawon lokacin da zai ɗauka a kowane baki. Dabara ita ce, linzami da allon rubutu da firinta a ba su bakuna marasa gudu, domin ba su bukatarsa, a bar mai gudu ga faifan ajiya na waje, wanda ake kira disk. Wanda kuma linzaminsa maras igiya ya riƙa tsalle-tsalle in ya soka disk, ba aljanu ba ne. Tun 2012 kamfanin Intel ya yi bayanin cewa USB 3.0 tana iya dame siginar irin waɗannan na'urori, maganin kawai a nisanta ɗan makullin linzamin daga inda disk yake.

Na uku, wuta, kuma nan ne asara ta fi yawa. Tsohuwar kafar USB 2.0 wat biyu da rabi take bayarwa, ta 3.0 wat huɗu da rabi, ta USB-C kuwa takan kai bakwai da rabi ko 15, gwargwadon yadda aka ƙera kwamfutar. Daga cikin wannan ɗan abin hob zai ci nasa, ya raba sauran. Linzami da allon rubutu ba su da ci. Amma disk mai juyawa shi kaɗai yana iya cinye kusan duk abin da kafar 3.0 take bayarwa lokacin da zai tashi. In ka haɗa biyu, ka ƙara da cajin waya, sai ka ji disk yana ƙas-ƙas, yana ɓacewa yana dawowa, kuma kowace ɓacewa tana iya lalata abin da ke ciki. Mai irin wannan aiki hob mai tasa cajar ta bango ya kamace shi, ko kuwa ya soka disk ɗin kai tsaye a jikin kwamfuta.

Akwai kuma bakin da ake soka caja a jikin hob domin wuta ta wuce zuwa laftof. In an rubuta wat 100 a kwali, ba yana nufin hob ɗin yana samar da wuta ba ne, yana nufin iyakar abin da zai iya wucewa ke nan in cajarka ta kai. Kamfanoni da dama ma sukan rubuta cewa daga 100 ɗin, 85 ne ke isa kwamfuta, sauran hob ya riƙe. To ka ga mai caja ta wat 45, in aka cire wannan kaso, abin da ya rage ba lalle ya ishi kwamfutar ba, sai ka ga tana jone amma batir yana sauka. Har wa yau ba kowace laftof ke karɓar caji ta USB-C ba, da yawa daga cikin tsofaffi sai ta nasu zagayayyen baki. Ita ma igiya tana da nata: wadda za ta ɗauki fiye da wat 60 sai mai ɗan guntun na'ura a kanta, ba kowace igiyar bakin titi ba.

Kada a raina maganar igiya. A 2015 wani injiniya na kamfanin Google mai suna Benson Leung ya shiga sayen igiyoyin USB-C yana gwadawa yana faɗa wa duniya sakamako, ya tarar da yawa ba a yi su bisa ƙa'ida ba. A farkon 2016 wata igiya da aka haɗa wayoyin cikinta a juye ta ƙona masa kwamfuta sukutum. A watan Maris na shekarar, kamfanin Amazon ya hana sayar da igiyoyin USB-C da ba su cika ƙa'ida ba a kasuwarsa. In har injiniya a Amurka bai tsira ba, ina ga mu da muke saye a faranti a kasuwar Kwango?

Akwai wani abu da takardar cikin kwali ba za ta faɗa maka ba, domin waɗanda suka rubuta ta ba su san ɗauke wuta ba. In caja tana jikin hob, disk ma yana jiki, to daga caja yake shan wuta. Da zarar an ɗauke wuta, hob zai juya ya koma sha daga batirin laftof, kuma a wannan ɗan ƙiftawar ido wasu hob ɗin sukan saki duk abin da ke jikinsu. Laftof ba za ta mutu ba, kai ma ba za ka lura ba, amma fayil ɗin da ake cikin rubutawa ya tafi. Wani maƙwabcinmu mai shagon buga takardu haka ya yi asarar aikin wata ɗaliba na kammala karatu, sai da suka kwana biyu suna sake bugawa daga takarda, bai karɓi ko sisi ba. Saboda haka in kwamfutarka tana da wata kafar caji, a soka caja a can kai tsaye, a bar hob da sauran kaya. Aiki mai muhimmanci kuma a ajiye shi wuri biyu.

Sai kuma damina. Duwala tana cikin biranen da suka fi samun ruwan sama a Afirka, fiye da milimita 3,500 a shekara, kuma mun san yadda Yuli da Agusta suke yi mana a lungunan New Bell. Laima tana sa haƙoran cikin kafa su yi tsatsa, sai ka ga abu yau ya yi gobe ya ƙi. A ajiye hob a jaka mai zif tare da 'yan ƙunshin nan masu shan laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi, kada a bar shi a ƙasa. In hadari ya haɗu ana tsawa, a cire igiyar intanet da ta talabijin daga jikinsa, domin wuta tana iya biyo su ta shiga kwamfuta. In ka taɓa jikin hob ka ji yana ɗan jan hannu, sau da yawa alama ce cewa wayarin gidan ba shi da wayar ƙasa, sai a kira mai gyaran wuta. Ɗumi kaɗan ba laifi ba ne, amma zafin da hannu ba zai iya riƙewa ba, a cire shi nan take.

Kada mai karatu ya ɗauka muna kushe wannan ƙarfe ne. Ko kusa. Ga mai shagon buga takardu da ake soka masa filash sau hamsin a yini, hob garkuwa ne, domin gara bakinsa ya gaji a sayi wani, da kafar kwamfuta ta karye, wadda a like take da babban allon ciki kuma gyaranta ba ƙaramin kuɗi ba ne. Sai dai a ajiye shi a kan tebur, kada a bar shi yana reto da nauyin igiyoyi. A kuma tuna ba ya tace cuta: filash mai ƙwayar cutar kwamfuta, ta hob ya bi ko kai tsaye, duk ɗaya ne.

To, wanda zai je saye, ga shawararmu a taƙaice. Ka zauna ka lissafa abin da za ka jona tun daga gida, kada ka sayi baki goma sha biyu alhali uku kake bukata, domin kowane baki da kuɗinsa da kuma cinsa na wuta. Ka ɗauki laftof ɗinka da cajarka da filash ɗinka ka tafi da su, in da hali har da igiyar majigin ko allon. Ka gwada kowane baki a gaban mai shago, da taka kwamfutar ba da tasa ba, sa'an nan ka jona su duka a lokaci guda ka bar su minti biyar. Ka karɓi rasit, ku kuma yi magana a fili a kan mayarwa kafin kuɗi su bar hannunka. Sunan babban kamfani a jikin kwali ba shaida ba ce, in ka ga farashi ya faɗi ƙasa warwas to ka san da walakin. Sayen nagari, in ji magabata, mayar da kuɗi gida.

Ku kuma 'yan'uwanmu 'yan kasuwa, masu zuwa Dubai da Gwanzu da masu sari a hannunsu, muna da magana da ku. Abin da ya riƙe Bahaushe a wannan gari tun zamanin kakanni ba yawan jari ba ne, amana ce, an san in ya ce kaya kaza ne to kaza ne. Mai saye ba ya sanin bambancin kafa da kafa, ku ne kuka sani, ko kuma ya kamata ku sani. Tambaya ɗaya, "Wace irin kwamfuta gare ka, kuma me za ka jona?" ta isa ta hana rigimar wata guda. Ku ajiye ɗan allo a kanta domin gwaji, ku koya wa yaran shago duba alamun nan da muka ambata. Ribar hob ɗaya ba ta kai darajar mai saye da zai dawo da ƙannensa ba.

Watakila kuna so ku ji yadda aka ƙare da ɗanmu da mai shago. Da hankali ya kwanta muka ce a kawo laftof ɗin mu duba, sai ga kafar HDMI a gefenta na hagu, tana nan tun farko ba wanda ya kula ta. Abin da yaron yake bukata ɗan ƙaramin adafta ne mai baki ɗaya, daga HDMI zuwa VGA, wanda kuɗinsa bai kai rabin na hob ɗin ba, kuma yana rataye a shagon a bayan mai shago. Mai shago ya karɓi hob ɗinsa tunda kwalin bai yage ba, ya ba da ɗan adaftan da cikon kuɗi, ya ce, "Da ka zo mini da ita tun farko, ɗana, da duk ba a yi haka ba." Yaro ya ce, "Baba, da ka tambaye ni ai da na faɗa." Dattawa suka ce to kowa ya ɗauki rabonsa, a bar tone-tone. Asabar ɗin da ta biyo baya aka sake tara iyaye, hotuna suka fito a bango, har wata tsohuwa ta tashi ta je tana shafa fuskar jikanta a jikin siminti.

Wanda yake da tambaya a kan wannan batu, ko wani kaya da yake so mu leƙa masa a kasuwa, sai ya rubuto mana ta hannun edita kamar yadda aka saba, ya kuma haɗa da lambar samfurin kwamfutarsa domin mu san abin da za mu ce. Batun hayar shaguna yana nan, ba mu manta ba, sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Mu kwana nan. A huta lafiya.